Wanda Ya Ci Harajin Tela

Tela ya iso bakin shagonsa da safe ya tarar da kwaɗo biyu a ƙofa. Ɗaya nasa ne. Ɗayan ƙato ne, ja, an liƙa takarda a samansa: an rufe wannan shago saboda rashin biyan haraji.

Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Takardar ba ta canza magana ba.

A cikin shagon akwai kayan makaranta jibge, an yanka ba a haɗa ba. Shugabar makarantar ta riga ta ja masa kunne: in aka dawo hutu babu kaya, kwangilar ta koma hannun wani. Hutun ya zo ƙarshe, kwangilar nan kuwa ita ce cin gidansa na shekara.

Tela ya nufi ofishin 'yan sanda. Sufeton da aka haɗa shi da shi ya haura hamsin, tumbinsa kan riga shi shiga ofis. Ya yi suna a kan satar awaki da babura, wato sata mai barin sawu. Waya kuwa, riƙe ta yake kamar an ba shi ajiyar jaririn wani.

"Me aka sace?"

"Harajina, Yallaɓai."

Sufeto ya ajiye biro. "Haraji ba a sace shi. Gudunsa ake yi."

"Ni ban gudu ba, na biya. Bana sun rufe tagar karɓar kuɗi, sun ce dole kowa ya cike ta intanet, ya biya ta intanet. Na kai kuɗina wurin Mai Kafe, mai shagon kwamfuta ta ƙarshen layinmu. Ta danna, ta ce saƙo zai shigo waya."

"Ya shigo?"

"Ina nan ina jira."

"Rasit fa?"

"Tawadar injinta ta ƙare."

Sufeto ya rubuta "tawada", ya ja layi a ƙarƙashi, don kada a ce bai gano komai ba.

Sun tarar da Ɗan Haraji a layin, da jakar kwaɗuna a kafaɗa. Bayan na Tela ya rufe na mai aski da na mai faci, su ma suna ta rantsuwa sun biya. Ya nuna wa Sufeto fuskar babbar wayarsa.

"Ka gani, Yallaɓai? Ja. Wanda ya biya kore yake fitowa."

"Kuɗinsa ina suka shiga?"

"Ni ja da kore kawai nake gani. Sauran sai hedkwata."

"To mu je hedkwatar."

"Ba a zuwa. Ƙorafi ake turawa ta intanet."

"Su amsa yaushe?"

Ɗan Haraji ya dubi sama, inda yake ganin amsoshin ke taruwa.

"Kai ba ka karɓi komai a hannunsa ba?"

"Yallaɓai, tun da aka rufe tagar nan ko sisi bai ratsa hannuna ba."

Ya faɗi maganar da irin muryar da ake ba da labarin rasuwa. Sufeto ya san baƙin cikin gaskiya in ya ji shi. Ya cire shi daga zargi.

Ana haka sai ga Mai Siminti, shugaban 'yan layin, wan matar Tela. Shagonsa ne mafi girma, kuma a buɗe yake. Ya dafa kafaɗar Tela.

"Ka yi haƙuri, ƙanena. Ranka ya daɗe, ai ba sai an wahala ba, yarinyar nan ce. Ta karɓe kuɗin bayin Allah ta zuba a jaka. Ni ma wurinta na biya nawa, Allah ne kawai ya tsare ni. A kama ta tun ba ta gudu ba."

Sufeto ya ji daɗin maganar. Ga ɓarauniya mai shago, mai kujera, wadda za a iya nunawa da yatsa. Ya gyara bel ya nufi ƙarshen layi, Tela na biye.

Mai Kafe ba yarinya ba ce, kuma ba ta yi kama da mai shirin gudu ba. Kwamfuta uku ne a shagon, biyu an lulluɓe su da zani. Ta saurari zargin har ƙarshe, sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Sufeto.

"Ga asusuna na banki. Ga ranar da Baba Tela ya zo. Ga kuɗinsa sun fita, ga inda suka shiga, asusun haraji. Ga na mai aski. Ga na mai faci."

Sufeto ya matsa kusa, ya ja baya, ya ari tabaran Tela. Haka ne. Kuɗi sun fita, kuma gwamnati ce ta karɓa.

Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Tsaya, Malama. Ya biya?"

"Ya biya."

"An karɓa?"

"An karɓa."

"To an biya ke nan."

"A'a, ja ne," in ji Ɗan Haraji daga bakin ƙofa.

A duk shekarunsa na aiki, in aka saci akuya, akuyar ba ta nan. Yau ga akuya a ɗaure a turke, mai ita na kuka, wanda aka kai wa na cewa bai gani ba, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Ya ji kansa ya fara sarawa daga ƙeya.

"Ranar da Mai Siminti ya zo biyan nasa, shi ya samu rasit?" ya tambaya, don dai a ce ya tambaya.

"Shi? Bai taɓa zama a kujerar nan ba. Turo mini mutane yake yi."

Sufeto ya ɗaga kai. Ya ajiye wannan a gefe.

"Saƙon da kika ce zai shigo, me ya hana shi?"

"Babu abin da ke hana shi. Kowane ɗan kasuwa da lambar harajinsa. Ana biya, saƙo zai tafi wayar da aka yi rajistar lambar da ita."

"Ba wayar wanda ya kawo kuɗin ba?"

"Ina ruwan kwamfuta da wanda ya kawo kuɗi?"

Nan ne abin ya taɓa Sufeto a inda yake da tabo. Shekarun baya, ranar da ya je buɗe asusun albashi, wayarsa ta faɗa ruwa, ya ba da lambar matarsa na wucin gadi. Har yau bai iya canzawa ba. Shi ke aikin, shi ke shan ranar, amma duk ƙarshen wata ita ke fara sanin albashi ya shigo, takan tare shi a ƙofa da murmushi da lissafi. In akwai abu ɗaya da ya sani game da na'ura, shi ne saƙo ba ya ɓata. Gidan wani yake zuwa.

"Tela, lambar da ka ba ta, kana tune da ita?"

"Sarai. Kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da uku, ƙirji arba'in da shida, tsawo talatin da tara."

"Lamba na tambaye ka, ba riga ba."

"Ita ce, Yallaɓai. Haka nake riƙe lamba. Wani gajere ne mai ƙiba."

"A ina ka samo ta?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Ni ba na ɗinki sai da samfur. Ko wando aka kawo, sai na ce a ba ni tsohon in ɗora a kai. Da abin nan ya zo, na nemi wanda ya riga ya yi, in kwaikwaya."

"Wa ke nan?"

"Wani babba ne. Taimako ya yi."

Daga nan ko da ƙugiya ba a ciro suna daga bakinsa ba. Sufeto bai matsa ba. Mutumin da ke jin nauyin ambaton suna haka, ai ya riga ya ambata.

Ya aika a kira Mai Siminti, ya zo ya ga yadda za a kama ɓarauniya. Ya iso da sauri, har da haki.

"Malama," in ji Sufeto, "biya haraji a kan lambar nan da Tela ya faɗa. Mafi ƙarancin abin da take karɓa."

"Da kuɗin wa?"

Sufeto ya duba hagu, ya duba dama. Kowa ya sami abin kallo a rufi. Ya zaro daga aljihunsa, yana tunanin yadda zai yi bayani a gida.

Ta danna. Wata 'yar da'ira ta hau juyawa a fuskar kwamfutar. Ta juya, ta juya. Mai Siminti ya tambaya me ake jira. Sufeto ya ce shi ma bai sani ba, kuma gaskiyarsa ke nan. Ya fara zargin kansa da zubar da kuɗi a rijiya.

Sai waya ta yi ƙara a aljihun Mai Siminti.

"Duba mana, Shugaba."

"Matata ce."

"Ni ma tawa ce kullum. Duba."

Mai Kafe ta karɓi wayar ta karanta da ƙarfi: an karɓi harajinka, mun gode. Ta ja sama da yatsa. Ga irinsa uku a jere, na ranar Tela, na mai aski, na mai faci.

"Babu wanda ya saci kuɗi," in ji Sufeto, yana magana a hankali don shi ma ya fahimta. "Shi ya sa na rasa ɓarawo. Kuɗin sun isa inda aka aike su, sunan wani suka ɗauka a hanya. Shugaba, ka ce wurinta ka biya, ta ce ba ka taɓa zama ba, ga shagonka kore. To wa ya biya maka? Mutum uku suka zo neman samfur, ka ba su lambarka. Su da kansu suka kai, da ƙafarsu, har suna godiya."

"Amma na karanta masa sunan da ya fito," in ji Mai Kafe. "Ya ce haka ne."

Tela bai ɗago ba. "Yaya ya ce gwamnati ba ta san ƙananan mutane ba, sai da babba ya tsaya musu. Ya ce sunansa zai fito, kada in damu."

Mai Siminti ya share gumi. "Aro ne, Ranka ya daɗe. Kasuwa ce ta tsaya. Niyyata in mayar."

"Madalla. Ga kujera."

Ɗan Haraji ya ce mayar da kuɗi daga lamba zuwa lamba sai an tura ƙorafi. Babu wanda ya kula shi. Mai Kafe ta yi wa Tela rajistar lambarsa ta kansa, Mai Siminti ya zauna a kujerar a karo na farko, ya biya harajin Tela daga asusunsa. Da'irar ta sake hawa juyawa. Duk shagon babu mai addu'ar ta tsaya kamar shi.

Wayar Tela ta yi ƙara. Ya zabura kamar an mintsine shi.

"Kore," in ji Ɗan Haraji, ya shiga laluben mabuɗi a jaka.

Da aka cire jan kwaɗon, Tela ya shige ko fitila bai kunna ba, ya yaye ƙyallen da ke kan keken ɗinki. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa da Mai Siminti, mai aski da mai faci na tsaye a bayansu suna jiran nasu.

"In an gama da waɗannan, sai ofis," in ji Sufeto. "Akwai beli. Wa zai tsaya maka?"

Mai Siminti ya leƙa cikin shagon. "Ƙanena..."

Tela ya lashi bakin zare, ya ɗaga shi wajen haske, ya zura a allura.

"Yaya, ni ƙaramin mutum ne," ya ce. "Gwamnati yau ta san ni."

Ya taka keke.