Matakalar Gidan Baba Anastas

Ƙamshin gasasshen tattasai ya cika falon hawa na uku. Lokacin kaka ya shigo, kuma a birnin Plovdiv duk matar da ba ta gasa tattasai ta cika kwalabe a wannan watan ba, sai maƙwabta su fara tambaya ko lafiya. Mama Stoyanka na zaune da kwano a cinya tana ɓare baƙar fatar, Nevena, budurwar ɗanta Zahari, tana taya ta.

"Ke dai wannan hannun naki kyamara kawai ya sani," in ji Mama. "Dubi yadda kike taɓa tattasai kamar zai cije ki! Haka za ki ciyar min da ɗa? Da hoto?"

"Ki ƙyale yarinya ta sha iska, Stoyanka," Baba Anastas ya ce daga bakin taga, inda yake zaune a keken marasa lafiya. "Ke da na aura, ruwan zafi ma ƙona shi kike yi."

Aka yi dariya. Baba Anastas tsohon direban jirgin ƙasa ne, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi shekara guda ke nan. Tun da aka dawo da shi daga asibiti bai sake taka ƙasa ba. Matakalar gidan siririya ce mai murɗewa, ta tsohon katako. Sau ɗaya maza huɗu suka gwada sauko da shi, saura ƙiris su kife duka, likita ya ce kada a kuskura a sake. Shi ya sa aka yanke shawarar rushe matakalar a kafa lif, wato na'urar hawa da saukar bene, a gurbinta, har injiniya ya zo ya yi awo.

Ana cikin raha Zahari ya shigo da takarda a hannu, fuskarsa ba annuri.

"Daga hukumar adana kayan tarihi ce," ya ce. "Sun sa gidanmu cikin gidajen da ba a taɓawa. Wai matakalar nan babu irinta a duk tsakiyar gari. Ko ƙusa ɗaya ba mu da izinin cirewa."

"Me?" Kwanon ya suɓuce daga cinyar Mama. "To lif ɗin fa?"

"Babu maganar lif, Mama. Wani ne ya aika musu da hotuna."

Nevena ta duƙa tana tsince tattasan da ya zube, don kada kowa ya ga fuskarta. Ita ce ta aika.

Sana'arta ke nan, ɗaukar hoton tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari. Da sassafe za ka gan ta tana bin lunguna, tana jiran rana ta sauka a kan wata taga ko wani zanen bango yadda take so. Ta ga gidaje da yawa an rushe su a gabanta, ba abin da ya saura sai hotunanta. Ranar da ta ji za a fasa wannan matakala sai ta ɗauko kyamararta. Ta ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa, ta haɗa fayil ta tura wa hukuma ba tare da ta sa suna ba. Ta ce wa kanta ai dole a sami wata dabara. Ba ta tsaya ta tambayi kowa ko akwai dabarar ba.

"Dobri ne!" Mama ta daka tsawa. "Wannan tsohon malamin na ƙasa, mai shisshigi! Kullum yana shafa katakon nan kamar kan jikansa. Allah ya isa!"

Daga ranar Mama ta daina amsa gaisuwar Malam Dobri, bawan Allah bai san laifin da ya yi ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Nevena na ramewa. Duk lokacin da za ta hau gidan, ƙarar katakon nan da a dā take jin daɗinta sai ta riƙa dukan ƙirjinta. Abin da ya fi cin ta shi ne kirkin Baba Anastas. Da ya ji takunta zai ɗaga murya, "Ga 'yata nan! Zo ki nuna min garina." Sai ta zauna kusa da shi tana nuna masa hotuna a kwamfuta, yana gaya mata wane shago ne a dā a wane lungu, wa ya yi dambe da wa a ƙofar silima. Ita kuwa murmushin dole take yi.

"Wai me ke damun ki ne?" Zahari ya tambaye ta wata rana. "Ko kin fasa aurena ne kike jin nauyin faɗa?"

"Haba dai! Aiki ne ya yi min yawa."

A farkon sanyi Goggo Velika ta rasu, ƙanwar Baba Anastas, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Nevena aka sa ta fitar da hoton da za a buga a takardar sanarwa, ita ce kuma ta manna takardar a ƙofar gidan kamar yadda aka saba. Ranar jana'iza, da yake yayan mamaciyar ba zai iya zuwa coci ba, sai aka biyo da motar gawa ta layinsu, aka tsaya a ƙarƙashin tagarsa. Jama'a suka ɗaga kai. Baba Anastas ya sa baƙar kwat ɗinsa har da laktaye, ya manna goshi da gilashi. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, bakinsa na motsi, ba mai jin abin da yake faɗa. Minti biyu aka yi, mota ta wuce.

Nevena ba ta bi su maƙabarta ba. Ta hau sama da gudu, ta zube a gaban kekensa.

"Baba, ni ce! Ba Malam Dobri ba ne. Ni na aika hotunan!"

Tsohon bai juyo ba. Yana kallon titi har Mama da Zahari suka dawo suka tarar da ita a durƙushe, ta maimaita musu cikin kuka.

"Ke?" in ji Mama. "Kina cin abincinmu, kina ce masa Baba, ashe ke kika kulle shi a sama kamar tsuntsu a keji? Wata uku ina gaba da mutumin da bai ji ba bai gani ba, kina kallona! Katako ya fi miki mutum?"

"Mama, ki yafe min, wallahi ban yi zaton..."

"Kada ki ƙara ce min Mama! Zahari, ko ita ko mu."

Zahari ya dube ta, idanunsa jawur. "Hotunan ba su ne suka fi yi min ciwo ba, Nevena. Na tambaye ki ya fi sau goma, kika dubi idona kika ce aiki ne."

Nevena ta zare zoben baikonsu ta ajiye a kan tebur. Ba wanda ya ce ta ɗauka. Kafin ta bar gidan ta ƙwanƙwasa ƙofar Malam Dobri ta gaya masa gaskiya. Tsohon ya girgiza kai kawai, ya miƙa mata ƙyallen share hawaye.

Ta fara zuwa hukuma ta ce ta janye hotunanta. Matar da ke ofishin ta yi mata bayani a tsanake: abin da aka riga aka sa a doka ba ya janyuwa. Ba a ƙara wa irin gidan nan sabon abu, ko ciki ko waje. Sai dai in akwai wani abu da yake jikinsa a dā aka cire, to ana iya mayar da shi, in an kawo shaida.

Mako guda Nevena ta yi tana ƙura wa hotunan gidan ido. A cikin wani da ta ɗauka ta bayan gidan da hantsi, ta lura da wasu layuka a ƙarƙashin yaɓen bango, siffar ƙofa a kowane hawa, ɗaya bisa ɗaya. Gidan wani attajirin ganyen taba ne a dā. Wa zai yi ƙofa a sama tana buɗewa cikin iska, in ba akwai abin da ake jan kaya da shi ba?

"Layi a bango ba shaida ba ne," in ji matar ofis. "Kawo hoto."

Nan wahala ta soma. Duk masu hoton zamanin dā fuskar gida suke ɗauka, ba wanda ya damu da baya. Ta gama da ɗakunan ajiyar takardu, ba ta samu ba. Sai ta koma bin unguwar ƙofa ƙofa, tana roƙon tsofaffi su nuna mata akwatunan hotunansu. Wasu su rufe mata ƙofa, wasu su zaunar da ita su ɗura mata kofi da labarin jikoki har yamma. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Sau biyu ta hango Zahari a titi, ta canja hanya, ta je ta yi kukanta a gida.

A wata na bakwai, wata tsohuwa mai shekara casa'in ta zazzage mata gwangwanin biskit cike da hotuna. A ciki akwai hoton bikin iyayenta, an ɗauka a tsakar gidan da ke bayan na su Zahari. Nevena ba ta ko kalli amarya ba. A saman kafaɗar ango, ga wani dogon akurkin katako na jan kaya manne da bangon gidan su Zahari tun daga ƙasa har rufi, da dilar taba tana reto a igiya.

"Kaka, ki ara min wannan!" Ta rungume tsohuwar tana kuka.

"To sake ni mana, za ki karya ni!"

Hukuma ta amince a mayar da akurkin a siffarsa ta dā, lif na cikinsa. Nevena ta sa takardar izinin a ambulan ta tura ta ƙarƙashin ƙofarsu, wannan karon da sunanta a jiki. Ba ta ji daga kowa ba. Ta ce wa kanta ba ta cancanci ta ji ba.

Ranar da Goggo Velika ta cika shekara da rasuwa, wayarta ta yi ƙara. Zahari ne. "Baba ya ce ki zo. Yanzu."

Ta sami Mama da Zahari a tsakar gida, ashe har an riga an kafa lif ɗin. Ƙofar lif ta buɗe, Baba Anastas ya fito, yana ƙifta ido saboda hasken rana. Zahari ya kama keken zai tura, tsohon ya ɗaga hannu.

"A'a. Ita za ta tura ni."

Ta tura shi har maƙabarta. A bakin kabarin ya daɗe yana magana da ƙanwarsa ƙasa ƙasa. Sannan ya juyo.

"Nevena, ranar nan da na yi mata ban kwana ta gilashi, ba za ki iya dawo min da ita ba. Kin sani?"

"Na sani, Baba." Hawaye na zuba.

"To ni ma na sani, kuma na yafe. Da kin zo kin ce, Baba, ina son matakalar nan, da tare muka nemi mafita. Mai gida ake fara tambaya kafin bango."

Mama Stoyanka ta buɗe kwanon dafaffiyar alkama da ake rabawa don mamaci. Ta ba mijinta, ta ba ɗanta. Ta tsaya jim, tana kallon yarinyar da ta rame har wuya ya fito. Sai ta cika cokali ta miƙa mata.

"Karɓi, ki yi wa goggonki addu'a."

Zahari ya matso ya riƙe hannunta, bai sake shi ba har suka koma gida.

An ɗaura aurensu bayan wata biyu. Gaskiyar da aka ɓoye wa masoyi don gudun ɓacin ransa, ita ce ke dawowa ta fi ɓata masa rai, kuma wanda ya yi ɓarna ba kuka ne ke wanke shi ba sai haƙurin gyara. Nevena ta ci gaba da ɗaukar hoton gine-ginen gari, amma har ta tsufa ba ta ƙara ɗaga kyamara a gaban wani gida ba sai ta ƙwanƙwasa ta ji wa ke ciki.