Abin da Don Eleuterio Ya Goge

Gab da magariba Don Eleuterio ya sauke tsohuwar kwamfutarsa a shagon Griselda, mai gyara a kasuwar El Alto. Mutum ne mai taurin kan tsiya. Da 'yarsa Noemí ta tafi ɗinki Buenos Aires ba da yardarsa ba, duk saƙon imel da ta aiko goge shi yake yi bai buɗe ba. Sai gobara ta cinye ɗakin ɗinkin, har da ita. Yanzu so yake a dawo masa da saƙonnin.

"Kawu, wannan manhajar sauko da saƙo take yi cikin kwamfutar, ta share na can waje," in ji Griselda. "Babu su ko'ina sai nan. Amma ka taki sa'a, abin da ka goge lulluɓe shi kawai ta yi. Sai ranar da ta nemi izinin matse akwatin saƙo, ka ce eh, to ranar sun tafi. Bar ta, gobe in tono maka su."

"Ba za ta kwana a hannun wani ba."

"Kai dai da hali. To, kar ka kunna."

Yana isa gida ya kunna. Kewar 'yarsa ta hana shi haƙuri.

Fankar injin ta fara gurnani. Can ƙasa da gurnanin, wani sauti ya taso, kat-kat-kat, kamar keken ɗinki. Shi kuwa babu keke a gidansa.

Ƙaurin ƙonannen yadi ya cika ɗakin.

Tambayar ta fito a allo: a matse akwatin saƙo?

Hannayensa biyu suna kan cinyarsa. Amma 'yar kibiyar nan ta allo ta motsa. A hankali. Ta nufi "Eh".

"Noemí?" ya faɗa ƙasa-ƙasa. "'Yata, bar min su."

Zafi ya sauka a ƙeyarsa, kamar an kusanto da garwashi.

"Ai ba ka so, Baba."

Muryar ba ta da fushi. Gajiya ce kawai a cikinta.

Ƙit. An danna.

Hayaƙi ya shaƙe shi. Ya faɗi, ya ja ciki, ya lalubo wayar wutar kwamfutar ya fizge ta daga bango. Maƙwabta ne suka jawo shi waje yana tari, gashin ƙeyarsa a babbake. Ko tsinke bai ƙone a ɗakin ba.

Washegari Griselda ta wuni kan injin, ba ta yi masa tsiya ko sau ɗaya ba. Matsewar ta riga ta cinye kusan komai. Guntun saƙo ɗaya ta samo, ta buga masa a takarda.

Tun daga ranar bai ƙara ɗaga wa kowa murya ba. Kullum da yamma yakan zauna bakin ƙofa, abin tausayi, yana maimaita layin nan guda da ya rage masa:

"Baba, na san kana fushi, amma don Allah wannan ka karanta shi har ƙarshe."