Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

"Ki auri majinyacinki? Ina raye?"

Mama ta dire dutsen guga a kan ɗankwalina, ta manta da shi har ya fara ƙauri. Na janye ɗankwalin, na sake rantse mata cewa Rediyo lafiyarsa ƙalau. Ta ce in haka ne, me yake nema a ofishina duk Talata?

Aikina a asibitin unguwa shi ne ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ɗakina yana ƙarshen baranda, kuma a watannin farko ba mai leƙowa sai masu tambayar hanyar banɗaki. Mutanenmu gara a gan su a ofishin 'yan sanda da a gan su a ƙofata. Sai na ce tunda ba za su zo ba, bari in koyar da waɗanda kowa ke zuwa wurinsu: masu aski, masu kitso, teloli. Su iya sauraro, su gane wanda damuwa ta fara ci tun kafin ta kayar da shi, su turo mini.

A ajin nan na haɗu da Rediyo, mai aski. Ba a banza ya samu sunan ba. Mutum zai zauna a kujerarsa har ya tashi bai samu damar faɗin irin askin da yake so ba. Ranar farko na ce kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, shi kuwa ya tashi ya yi mana bayanin amfanin shiru har aka tashi. Saura kaɗan in kore shi.

Ban san lokacin da na fara fesa turare duk Talata ba...

Mai kemis na bakin titi, wanda ya neme ni bara na ce a'a, shi ya kai wa Mama labari. Wai da idonsa ya ga Rediyo shi kaɗai a shago yana gyaɗa wa madubi kai yana cewa, "Ina jin ka, ci gaba." Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Aikin gida ne na ba su.

Daga ƙarshe Mama ta ce Rediyo ya zo ta gan shi da kanta. In ta ga alamar taɓin hankali ko ɗaya, magana ta mutu.

A bakin ƙofa na tare shi, ya sha guga yana ta zufa.

"Don Allah, masoyi, yau kaɗai... ka kashe rediyon nan."

"Har gaisuwa, zuciyata?"

"Gaisuwa kawai."

Na laɓe bayan labule. Da shigarsa ya nufi kujerar da ke jikin taga, Mama ta ce ba a zama a nan. Ta Baba ce, tun rasuwarsa kullum sai ta goge ta. Rediyo ya zauna a ƙasa. Ta tambaye shi yau wace rana ce, ya faɗa. Ta tambaye shi ko yana jin muryoyi.

"Na masu zuwa aski kawai, Mama."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga yi masa faɗa, wai ita ba ta raini 'ya don ta miƙa wa mai hira da madubi ba, ita da ko barcin kirki ba ta samu tun da mahaifin yarinyar nan ya tafi. Na ga bakin Rediyo yana motsi, maganganu sun taru suna neman hanya. Ya haɗiye su da ƙyar, ya ɗan sunkuyo.

"Ba kya barci, Mama?"

Na dafe kai. Abin da na koya masa a aji ne, ya ɗauko sukutum ya juye wa uwata! Daga nan ya ja bakinsa ya kulle, yana kallonta yana gyaɗa kai, kamar yadda ya yi wa madubi.

Mama ba ta iya zama da shiru ba. Ta gyara zani, ta yi tsaki, ta kalli kujerar. Sai ta fara magana. Ta ce har yau in ta haɗa shayi sai ta tarar ta ɗauko kofin Baba. Ta ce shi mutum ne mai surutu, ta sha ce masa ya bar kunnenta ya huta, yanzu ga hutun ya ishe ta. Ba ta taɓa gaya mini ba, wai na wuni da kayan mutane a kai, ba za ta ƙara mini nata ba.

"In ita ma ta tafi," in ji ta, "ni da agogon bango za a bari."

Ashe ba haukan kowa take tsoro ba. Na tura bakin labule a bakina don kada a ji kukana. Tausayinta ya kama ni.

Rediyo ya miƙa mata hankicinsa. Ya gaya mata a hankali cewa ɗakin da ya kama yana bayan layinmu, kuma shi ba ya iya wuce gida bai shiga gaisuwa ba. Ta share ido, ta ƙare masa kallo.

"An ce kana da surutu."

Ya saci kallon labule. "Kaɗan, Mama."

"To, kunna mu ji."

Wayyo, kamar an fasa bututun ruwa. Ya ba ta labarin mai sanƙon da ke zuwa gyaran fuska ya ce a rage sama. Ya ba ta na mai kemis, wanda duk wata yake zuwa a shafa masa baƙin rini a ɓoye. Mama ta yi dariyar da na manta tana da ita. Rana ta yi sanyi yana zuba, har kanta ya jingina da bango, numfashinta ya daidaita. Barci take yi, tun rana ba ta faɗi ba, a gaban baƙo.

Na fito a kan yatsun ƙafa, na yi masa alama da hannu ya isa haka. Ya yi shiru.

Mama ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya kashe?" Ta gyara kwanciyar kanta. "Ki ce ya turo manyansa. Kai kuma ci gaba, ina jin ka."