Ranar da Dela Ta Kira Sunan Ɗiyarta

Tun da aka yi sadakar bakwai ta Inna Baraka, Dela ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta ɗauki tsintsiya ta aje, ta hura wuta ta kashe. Idonta yana ƙofar ɗakin marigayiya surukarta, inda Rabi'atu ke zaune rungume da ludayin kakarta, ta ƙi fura, ta ƙi tuwo.

Rabi'atu ita ce ɗiyar fari ta Dela da mijinta Sa'adu. Da ƙananan idanu aka haife ta, harshe ɗan waje, sai da ta shekara uku ta taka ƙasa, magana kuwa har yau ɗaya-ɗaya take fita. Mutanen Dakoro suka ce ɗiyar ruwa ce. Lokotoro a asibitin Maraɗi ya ce babu wani aljani, haka halittarta take tun a ciki, kulawa ce maganinta. Da aka yaye ta kaka ta ɗauke, kamar yadda aka saba. Ita kuwa Dela, kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki: ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, sai dai "ke" ko "waccan". Son kuwa yana cin ta a rai kamar gara.

Da hantsi Mijinyawa, yayan Sa'adu, ya shigo yana kaɗa makullin kamyo, babbar motar kayansa da Sa'adu ke tuƙa masa.

"Sa'adu, Nasara ya tahi, kasuwar gyaɗa tamu ce yanzu. Jibi mu koma Maraɗi gaba ɗaya. Amma ban da waccan. Na samu wata tsohuwa a Tagriss za ta riƙe ta. In masu neman ɗiyana suka gan ta, wa zai aure su?"

"Yaya, ai..."

"Ko ita, ko kamyo. Zaɓi."

Sa'adu ya sunkuyar da kai. Haushi ya kama Dela, amma uwa ta yi wa ɗiyar fari magana gaban dangin miji? Sai a yi da ita har Kornaka.

A ɗaki ta tare shi da hawaye. "Malam, lokacin da kake zarya gidanmu ka ce abin da ya taɓa ni ya taɓa ka. To, ga shi ya taɓa ni."

"Dela, in na ƙi Yaya, me za mu ci?"

"Abin da Inna ta ci ta riƙe ta."

Ya fita, ya dawo, ya sake fita.

Ranar tafiya mai raƙumi ya iso daga Tagriss. Tsakar gida cike da dangi. Aka yi ta kiran yarinyar: "Ke, tashi! Ke, wawuya!" Ko motsi ba ta yi ba, ai kakarta da sunanta take kiranta. Leɓenta ya bushe don yunwa. Mijinyawa ya fizgo hannunta, ludayi ya faɗi, ta buɗe baki amma kukan ya ƙi fita.

Dela ba ta san lokacin da ta tsallake turmi ba.

"Rabi'atu! Rabi'atuna, taho."

Wata gwaggo ta riƙe haɓa, "Yau mun ga rashin kunya."

Yarinyar ta juyo, ta daɗe tana duban Dela, sannan a hankali ta ce, "Kin... san... sunana?"

Wallahi ko gwaggon sai da ta share ido. Dela ta durƙusa ta rungume ta. "Na sani, ɗiyata. Kullum ina faɗinsa a zuci."

Sa'adu ya ɗauki ludayin, ya ɗebo fura, ya tsuguna gabansu. Ya ce, "Sha, Rabi'atu." Ta sha har ta lashe baki. Ya dubi yayansa. "Yaya, ka yi haƙuri. A sauka lafiya."

Kamyo ya tashi babu su. Shekarar nan sun sha wuya, amma gonar gero ta rufa musu asiri, Rabi'atu kuma ta iya surfe da kiwon awaki, ita ce mai fara tarar ubanta da ruwa in ya dawo gona.

Kunya ado ce, 'yan'uwa, amma duk kunyar da za ta sa yaro ya zaci uwarsa ba ta san sunansa ba, a aje ta. Yaro irin Rabi'atu amana ce daga Allah, kuma da suna ake kiransa.