Sati Shida Na Jinyar Nuraddeen

Muhsina na tace ruwa a tsakar gida sai Inna, surukarta, ta fito daga ɗakin Nuraddeen riƙe da kwanon miya.

"Ke, mi na wanga? Miya ko gishiri babu, haka za ki ciyar mani da ɗa?"

"Inna, likita ya ce a rage mai gishiri da magi, ya yi ta shan ruwa."

"Likita ya haihe shi?"

Muhsina ta sunkuyar da kai. Kwana goma sha biyu ke nan da yi wa mijinta aiki a Gusau, aka ciro tsakuwa daga ƙodarsa. A gaban Muhsina likita ya ce sati shida ba noma, ba ɗaukar kaya. Ga shinkafarsu ta nuna a fadamar Gummi, yayansa Bala shi kaɗai ke yanka. Tun Inna na gunaguni har ta fara gaya wa maƙwabta wai Muhsina ta mallake mata ɗa, ta mai da shi ɗan zaman ɗaka.

Maganar ta ci wa Nuraddeen rai. Ran Laraba ya saɓa lauje.

"Don Allah ka bari, ɗinkin bai gama kamawa ba," in ji Muhsina, ta tsaya a bakin zaure.

"Na ji sauƙi, I'm okay. Kin hi son a yi ta zaginki saboda ni?"

"Na hi so, in dai za ka warke."

Ya ratse ta ya wuce. Kafin azahar Bala ya kawo shi a babur, gefen rigarsa ya jiƙe da jini. Buhu ɗaya ya ɗaga, ɗinkin ya ɓalle.

A asibitin garin aka sake ɗinkin. Inna na rakuɓe a bakin gado tana jin nas na faɗa: "Wa ya bar shi ya yi aiki? Ina matar tasa take, ba ta ji sharaɗin likita ba?"

Muhsina ta share hawaye ta ce, "Ku yi haƙuri, za mu kiyaye." Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta ko dubi inda Inna take ba.

Wannan shirun ne ya karya zuciyar tsohuwar. Ta miƙe ta ce, "Malama nas, ba laihinta ba ne. Ta hana shi, bakina ya tura shi." Ta kamo hannun Muhsina. "Ɗiyata, ki yahe mani."

Aka sake ƙirga sati shida daga farko. Maƙwabta suka yi gayya suka yanke shinkafar, Nuraddeen ya warke sarai, rani na kamawa ya koma fadama da ƙafarsa.

Jinya haƙuri take so daga mai ciwo da danginsa duka. Wanda kuma ya yarda a zarge shi don lafiyarka, ka riƙe shi, shi ne masoyinka.