Ni ko Manjan Hajiya

"Safina, wannan ɗaki ne ko tashar mota?"

Ban ɗago ba. Ina zaune a bakin gado, ƙafafuna tsakanin buhun garin rogo da kwalin sabulu. Mijina Abdulmajid yana tsaye a ƙofa da farar rigarsa ta aiki, ya rasa inda zai sa ƙafa.

"Saƙo ne," na ce.

"Na wa?"

"Na mutane..."

Matuƙin jirgi ne, amma ba irin manyan nan da ke zuwa Makka ba. Nasa ƙarami ne, mai farfela ɗaya a hanci, na wata ƙungiya da ke kai magani asibitocin daji. A unguwa Kumandan suke ce masa.

Tun da yayata Jiddah ta bugo waya ta ce jikin Dada ya yi tsanani, har ta fara kiran mutane da sunan waɗanda suka rasu, abinci bai ƙara zama a cikina ba. Dada ita ta haife ni. Garinmu yana can bayan Banyo, ruwa ya cinye gada, motoci sun daina zuwa. Shi ne Abdulmajid ya roƙi ogansa, aka ba ni kujera ɗaya a tafiyar gobe.

Rabi maƙwabciyata kawai na faɗa wa a wajen famfo. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Briqueterie a Yawunde ta ji. A nan kuwa mai zuwa arewa ba ya tafiya da jakarsa kaɗai. Duk mai ɗan'uwa tsakanin Tibati da Banyo ya zo da ƙullinsa, kowa yana cewa ɗan ƙaramin abu ne. Ni kuma bakina bai iya a'a ba.

Ya ture wata jaka da ƙafa ya tsugunna a gabana.

"Ruhina, ki saurare ni. Jirgin nan komai sai an ɗora shi a sikeli, har ke, har ni. Ga magani, ga mai, don babu gidan mai a daji. Abin da ya rage ke ce da jakarki."

"To ka faɗa musu."

"Na maƙwabta ni zan mayar da hannuna, kada ki damu."

"Na Hajiya fa?"

Ya bi hannuna da ido zuwa bayan ƙofa. Jarkokin manja ne manya guda biyu, na mahaifiyarsa Hajiya Tasalla, za a kai wa ƙanwarta a Banyo. Ita da kanta ta sa aka shigo da su.

Ya sosa ƙeya.

"Ke mace ce... za ta fi jin taki."

"Ni? Ni da ko sunanta ba na iya faɗa?"

"Tana son ki, Safina."

"Kai kuma ta haife ka."

Ya miƙe yana duba wayarsa, wai zai je ya ga yadda sama za ta kasance gobe. Ya kwashi kayan maƙwabta niƙi-niƙi ya fita. Jarkokin ko taɓa su bai yi ba.

Na zauna ina kallonsu har idona ya ciko. Mutumin da ke shiga cikin hadari da jirgi, shi ne ya gudu ya bar ni da manja.

Na daɗe a ƙofar sashen Hajiya kafin na yi sallama. Tana tsintar wake a faifai.

"Shigo, 'yata. An gama shiri?"

Na durƙusa, na gaishe ta, na sake gaishe ta. Ta yi dariya.

"Gaisuwar ta isa haka. Me ya faru?"

"Hajiya... manjan ne. Wai ya yi wa jirgin nauyi."

Ta ajiye faifan.

"Jirgi guda? Motocin da ke zuwa kasuwar Etoudi shanu suke ɗaukowa a tsaye. Shi da yake tashi sama ne zai kasa jarka biyu?"

"Ƙarami ne, Hajiya."

"Shi Kumandan ɗin ne ya aiko ki? Bakinsa ciwo yake?"

Na sunkuyar da kai. In na ce e na tona shi, in na ce a'a na yi ƙarya. Sai na tuna muryar Jiddah a waya.

"In manjan ya shiga, ni zan sauka," na ce. "Kuma Dada... ina tsoron kada in je ta kasa gane ni."

Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

Ta ja faifanta.

"Allah ya ba ta lafiya. A dawo mini da kayana."

Ba ta ƙara cewa 'yata ba. Washegari da na je yi mata sallama, daga cikin ɗaki ta amsa.

A filin jirgi aka ɗora ni a sikeli kamar buhun masara. Ya ɗaure mini bel, ya sa mini abin ji a kunne a kan hijabina.

"Kin yi kyau," ya ce.

Na juya kaina wajen taga.

Da muka tashi na runtse ido ina ta salati. Da na buɗe, Yawunde ta koma jan kwano da jar ƙasa, sannan ta ɓace. Sai daji, kore ba iyaka, da koguna masu launin shayi. Jirgin yana faɗawa rami a cikin iska yana fitowa, cikina yana binsa. Na yi amai a leda, ya miƙo mini ruwa, na karɓa.

Mun sauka a wani fili na ciyawa, ya sauke kwalaye, muka tashi. Muka sake sauka a wani. A nan ruwa ya tsare mu. Muka zauna a rumfar asibiti muna kallon sama tana zuba, ni kuma zuciyata tana wajen Dada.

"Mu tafi mana," na ce.

"Ba yanzu ba."

"Ai ya ragu."

"Can ta arewa bai ragu ba. Ba zan shiga da ke ciki ba."

"Yanzu ka iya cewa a'a kenan."

Ya koma kallon sama.

Da ruwan ya ɗauke, ya tuɓe takalmi ya taka filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana danna ƙasa da dunduniya. Filin gajere ne, ga itatuwa a tsaye a ƙarshensa. Da muka fara gudu taya tana jan taɓo, jirgin kamar ba ya so. Itatuwan suna ta girma a gilashi. Na riƙe kujera. Sai da na ga ganye ɗaya ɗaya sannan muka ɗaga.

Wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf.

"Kin ga dalili," ya ce a cikin kunnena.

"Ni ban taɓa musun nauyi ba. Haushinka nake ji."

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni na je ni kaɗai. Gidan nan zan koma fa, da Hajiya zan zauna. Kai kana sama."

Hawaye suka zubo, na kasa sharewa don hannuwana suna riƙe da kujera.

"Safinata..." ya ce. "Tun da Baba ya rasu ban taɓa hana ta komai ba. Da na ce zan koyi tuƙin jirgi kowa ya ce ta hana ni, ta ƙi. In na kalli fuskarta sai maganar ta maƙale."

"Ni ma ta maƙale mini. Na dai faɗa."

Duwatsu suka fara bayyana a gabanmu, da shanu farare kamar an watsa shinkafa a ciyawa. Na gane ƙasarmu.

Muna sauka, kafin ya taɓa kwali ɗaya, ya kama hannuna muka hau wani tudu inda waya ke kamawa. Ya kira, ya buɗe murya don in ji.

"Hajiya, mun sauka lafiya. Maganar manjan nan... ni ne na hana, ba Safina ba. Kunyarki na ji na tura ta."



"Ai na sani," in ji Hajiya. "Ni na haife ka. Jira nake in ga ranar da za ka faɗa. Ba ni yarinyar."

Na karɓi wayar.

"Me kike yi a waya har yanzu? Je ki ga uwarki."

Babur ya kai mu gida. Jiddah ta tare ni a zaure tana kuka, ta ja ni ɗaki. Dada tana kwance a tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na durƙusa na kama hannunta.

"Dada..."

Ta buɗe ido ta zuba mini.

"Hadija?" ta ce. Sunan ƙanwarta ne da ta rasu tun ina goye.

Na kifa kaina a kan hannunta. Duk wannan tafiya, kuma na makara. Daga bakin ƙofa ina jin Abdulmajid yana addu'a a hankali.

Sai na ji yatsunta suna bin kumatuna, suka sauka a wuyana, suka tsaya.

"Safinatu," ta ce. "Kin rame. Ba sa ba ki abinci a Yawunde?"