Muryar da Suhaib Ya Ɗauko a Bakin Kogi

Rana ta yi ja a Unguwar Kanawa. Hajiya Safara'u na tankaɗe garin masara a tsakar gida, sai ɗanta Suhaib ya fito da 'yar sifika ya ajiye kan tabarma. Aikinsa haɗa sauti a wani gidan rediyo. Wata uku da suka wuce, wani Bafaranshe mai haɗa kiɗa da na'ura ya neme shi ta intanet, ya roƙi ya naɗo masa sautin Kogin Kaduna. Suhaib ya je da almuru, ya kafa makirufo cikin ciyawar gaɓa har duhu ya sauko. Yau aka turo masa kiɗan.

Kiɗa ne marar waƙa. Wani amo mai tsawo kamar iska cikin rijiya, ƙarƙashinsa bugu a hankali, ga kukan kwaɗi, ga motsin ruwa. Can wajen minti na huɗu, wata siririyar murya ta ratso, kamar yaro na kira daga nesa.

"Wane ne wannan?" in ji Hajiya.

"Wallahi Umma, ranar ban ji shi ba."

Ƙanwarsa Ilham, ɗalibar koyon jinya, ta ajiye butar alwala. Ta ƙura wa sifikar ido har ladan ya gama kira.

Daga ranar, kowace magariba sai tsakuwa ta riƙa sauka kan kwanon gidan, jiƙaƙƙiya, mai ƙarnin ruwa. Ilham kuwa ta daina cin abinci. Takan zauna bakin ƙofa, ta karkatar da kai kamar mai saurare. Rana ta biyar, wata maƙwabciya ta tsinto ta ba takalmi, ta nufi kogi.

Aka ɗauko Malam Yakubu daga Rigachikun. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya soma karatu. Bai yi nisa ba jikinta ya sanƙare, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Dakata, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me kike nema?"

"Ɗana nake nema. Ya mutu tun ba a yi gada kan kogin nan ba. Muryarsa kaɗai ta rage mini, na ɓoye ta cikin ciyawa, duk almuru nakan saurara. Wancan ya zo da ƙarfensa ya kwashe."

Suhaib ya gane shi da makirufonsa take nufi.

"Ita yarinyar me ta yi miki?" in ji Malam.

"Kunnenta nake aro. Cikin ƙarfen ba na ji sai da kunnen mutum. Ka bar mini ita da magariba kawai."

"Ko ƙiftawar ido ba zan bar miki ba. Ke ma uwa ce. Dubi uwarta."

Idanun Ilham suka juya ga Hajiya, wadda ta toshe baki da mayafi.

"To a mayar mini da shi inda aka ɗauko."

Suhaib ya yi rantsuwa zai mayar. Malam ya sa ita ma ta rantse.

"Na bar wannan gida," in ji ta. Ilham ta yi atishawa uku, ta langaɓe a cinyar uwarta, ta ce yunwa take ji.

Washegari Suhaib ya koma gaɓar, ya kunna sautin sau ɗaya, ya goge duk abin da ke wurinsa. Ya rubuta wa Bafaranshen ya roƙe shi ya sauke kiɗan.

Bayan kwana biyu amsa ta zo. Mutumin ya ce ya sauke, amma dubban mutane sun riga sun kwafa. Sannan ya ce yana neman taimako: tun shekaranjiya 'yarsa mai shekara shida take zama bakin ƙofa in rana za ta faɗi, tana magana da wani yare da ba su sani ba. Ya haɗo da saƙon murya.

Suhaib ya kara wayar a kunne. Hausa ce tsantsa, da tsohuwar muryar nan.

"Saura wannan. Ku dawo mini da shi duka."

Suhaib ya tura wayar a aljihu. Ya saka takalminsa, ya fita neman motar Rigachikun, wurin Malam Yakubu.